Daƙiƙa Goma

Wasiƙar asibiti ta yi mako shida ƙarƙashin gwangwanin sukari.
Kullum da safe in ɗaga shi, in ɗebi cokali biyu,
in mayar da shi a kanta
kamar mai toshe bakin wanda zai tona masa asiri.

Ba na tari, na ce wa Kinga.
Hawa huɗu nake yi da buhun dankali a kafaɗa.
Wa ke kai lafiyayyen jirgi wurin gyara?
Ta ce, Kaka, kai da bakinka ka koya mini:
tsatsa daga ciki take fara ci, fenti yana ta ƙyalli a waje.
Jika ba ta san kara ba.
Da sandar da ka ba ta za ta doke ka.

Shekara talatin da huɗu ina walda a maƙerar jiragen ruwa ta Gdansk,
can cikin tumbin jirgi, inda hayaƙi ba ya gane hanyar fita.
In an busa tashi mu fito, ni da yayana Zenon,
mu wanke hayaƙi da hayaƙi,
ashana ɗaya, kara biyu,
iskar teku tana yankan kunne.

Zenon bai sami wasiƙa ba.
Shi sai da jini ya bayyana a hankici aka duba.
Likita ya kalli hoton, ya kalli ƙasa.
Kafin ƙanƙarar shekarar ta narke mun kai shi.

Ranar Talata na shiga taragon lantarki, Kinga tana riƙe da hannun rigata
wai kada in sauka a hanya.
Na zaci allura, na zaci wuƙa.
Ashe gado ne siriri, da wani babban zobe fari.
Ko takalmi ban cire ba.
Wata murya daga cikin ƙarfen ta ce:
Ja numfashi. Riƙe.

Na riƙe.
Daƙiƙa goma.
Ni da na ƙone rabin rayuwata ina busar da shi a banza,
ban taɓa sanin nauyinsa ba sai da aka ce kada in saki.

Saki, in ji muryar.

Likita Sobczak ta juyo mini da allon.
Huhuna biyu, baƙaƙe, kamar tashar ruwa da dare,
ga wani ɗigo can sama ta dama,
bai kai ƙwayar wake ba.
Na ce, wannan ɗan abin?
Ta ce, ƙila ba kome, ƙila shi ne. Sai mun ɗebo mun gani.
Kwana tara ina jira. Na gyara famfon da bai lalace ba.

Shi ne.
Amma ta faɗe shi tana kallon idona, ba ƙasa ba.
Ta ce, bai yi saiwa ba, bai aika ɗansa ko'ina ba.
Icce tun yana ɗanye, Bogumil.

Suka yanke yanki guda, suka ɗinke.
Na duba ɗinkin a madubi da idon mai sana'a:
layi miƙaƙƙe, babu tsalle.
Da yarona ne da na yaba masa.

Yanzu a hawa na biyu nake tsayawa,
in jingina da bango, in yi kamar ina duba takalmi.
Dankalin Kinga ke ɗauka.
Gwangwanin tabata ya koma gidan ƙugiyoyin fatsa,
ko da yake wani dare yatsuna suna laluben aljihu da kansu.

Jiya a bakin kogi na iske Lucjan, abokin aiki na da,
yana tari cikin tafin hannu yana cewa sanyi ne.
Na ce, ka sami wasiƙa?
Ya ce, tana wani wuri a gida.
Na ce, na san wurin.
Naɗe fatsarka. Tarago na zuwa ƙarfe biyu da kwata.